Kada ka sayar da Fijon mahaifinka kafin ka leƙa tankinta

Wani direba daga unguwar Zango, nan Damagaram, ya aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 doguwa. Ni nake jan ta tsakanin Zinder, Mirriya da Gidimuni, da ita muke ci mu tara a gida. Wata uku ke nan ta sa ni gaba. Da safe bugu ɗaya take tashi, in tana tsaye lafiya lau take kaɗawa. Amma da na taka totur da ƙarfi sai ta yi tari ta shaƙe, wani lokaci ta mutu. In na lallaɓa ta sai ta tafi. Yanzu abin ya ƙaru: in na yi lodi na miƙe hanya, sai ta riƙa ja da baya kamar an riƙe ta, ta mutu. In na jira minti biyar ta tashi kamar ba ita ba. Abin ya faro ne daga ranar da mai ya ƙare mini ƙaf a hanya, na sayi na kwalba. An canja buji, an canja bobin, an wanke kafireta sau biyu. Duk wanki sai ta yi kwana uku garau, ta koma gidan jiya. Jika 60 sun tafi. Makaniki na uku ya ce injin ne ya gaji, in tafi Kano in sayo wani. Yayyena sun ce a sayar a raba kuɗin, Inna kuwa ta ce hannu aka sa mini. Ba na barci. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa, kai kuma Ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka. Ciyar da baki tara ba wasa ba ne.

Bari in fara da abin da zai sa ka runtsa yau da dare: ban yarda injinka ya gaji ba. Na haura shekara talatin hannuna cikin baƙin mai, na san kamannin injin da ya gaji. Da safe sai an tura shi, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai kamar ruwa, ƙarfinsa kuma kullum a ƙasa yake, da kaya ko babu kaya. Ba ya warkewa don an jira shi minti biyar a gindin bedi. Ba ya yin kwana uku garau don an wanke masa kafireta. Tsufa in ya zo ya zo ke nan. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, wani abu ne ke toshewa yana buɗewa, kuma kai da kanka ka rubuto mini ranar da ya faro.

Injin esansi abu uku yake nema: mai, iska, da wuta a kan lokacinta. A nauyi, iska wajen kashi 15 ce ake haɗawa da kashi ɗaya na mai. In mota na tsaye tana ralanti, wato silo, ɗan mai kaɗan ya ishe ta, ko hanyar ta toshe rabi ba za ka sani ba. Shi ya sa taka take yaudararka da safe. Amma lokacin da ka danna totur, wani faifai a maƙogwaron kafireta, wato inda ake haɗa mai da iska, yakan buɗe gaba ɗaya, iska ta kwararo. Iska ba ta da nauyi, nan take take shiga. Mai kuwa yana da nauyi, sai ya makara. A wannan ɗan tsakanin injin iska zalla yake haɗiya. Don haka masu ƙera kafireta suka sa mata wani ɗan famfo a gefe, aikinsa ɗaya tak: duk sanda aka taka totur ya tsarta mai cikin maƙogwaron, ya riƙe injin kafin babbar hanyar mai ta kawo. Bakin da yake tsartawa ta ciki bai fi kan allura ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta rufe shi. In ya rufe, sai a samu daidai abin da ka faɗa da farko: ka taka da ƙarfi ta yi tari ta shaƙe, ka lallaɓa ta tafi.

Ciwo na biyu, na kan hanya, labarinsa daban. A cikin kafireta akwai 'yar tukunya da mai ke taruwa, famfon mai na jikin injin yana cika ta, injin yana sha. In kana cikin gari, daga Kasuwar Dole zuwa Birni, shan bai kai zubin ba, tukunyar a cike take. In ka yi lodi ka miƙe hanyar Mirriya, shan ya fi zubin, tukunyar ta riƙa raguwa har ta ƙafe, motar ta yi ta ja da baya ta mutu. Da ta mutu sai zuƙa ta tsaya, dattin da ya manne a bakin bututun cikin tanki ya saki ya faɗa ƙasa. Ka jira minti biyar, ka buga, mai ya biyo, ta tashi. Ba hutawa ta yi ba, hanya ce ta buɗe.

Ciwo biyu ke nan, amma zatona uwarsu ɗaya: tanki. Tankin da ya shekara talatin ko arba'in yana shan ƙurar hunturu da raɓar damina ba ya rasa tsatsa da laka a ƙasansa. Bututun da ke zuƙo mai a ƙasa yake kullum, gaskiya ne, amma muddin akwai mai da yawa dattin a warwatse yake. Ranar da ya ƙare maka ƙaf, abin da ke yawo a sama da wanda ya kwanta duk suka taru a bakin bututun. Sannan ka zuba na kwalba a kai. Ba na zagin masu sayar da ruwa-ruwa, da yawansu neman halak suke, kuma sun sha fitar da mu kunya a inda babu gidan mai. Sai dai man da ya bi ta jarka, ya bi ta mazurari, ya zauna cikin kwalba a bakin hanya, ba wanda zai rantse maka ba ruwa ko rairayi a cikinsa. Su kuma masu wanke kafireta sun yi aikinsu, shi ya sa take yin kwana uku lafiya. Sun share ɗaki ne suka bar taga a buɗe ana hazo. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan zato ne, ban ga motar ba. Kada ka sayi ko ƙusa a kan zatona. Gani ya kori ji, kuma duk gwajin da zan faɗa maka ba ya cin wani kuɗi mai yawa.

Da safe, injin a kashe kuma da sanyinsa, ka cire tukunyar filtar iska, ka haska tocila cikin maƙogwaron kafireta, yaronka ya danna totur sau biyu ko uku. Ya kamata ka ga siririn mai ya tsarto da ƙarfi, ya miƙe kamar zare. In ɗigo kake gani, ko ba ka ga komai ba, ka kama ɓarawo na farko: ko bakin ya toshe, ko fatar robar ɗan famfon ta bushe ta tsage. Ina roƙonka, kada ka taɓa leƙa wannan maƙogwaro injin yana kaɗawa. Injin da mai ya yi wa kaɗan yakan yi aman wuta ta nan, na ga wanda ya rasa gira da gashin ido a haka.

Daga nan ka cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa bakinsa cikin farar kwalba mai tsabta. Ka zare 'yar wayar da ke kai wa bobin wuta (bobin ne ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa buji), don kada tartsatsi ya tashi, ba mai taba a kusa, sannan a buga makulli kamar daƙiƙa goma. Famfo mai lafiya bul-bul yake turo mai, da ƙarfi, bugu bayan bugu. In yana zuwa a wahalce ko da kumfa, akwai magana. Ka ajiye kwalbar a inuwa ta natsa. Ruwa ya fi esansi nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallon gilashi. Tsatsa kuma ja-ja take kamar garin jan bulo. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. In tana warin esansi, ko ka ga baƙin man ya ƙaru alhali ba ka ƙara ba, fatar babban famfon ta yage yana zubar da mai cikin injin. Wannan kam ba a kwana da shi, don baƙin man da ya tsinke shi ne zai kashe maka injin da gaske.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne na jarka. Ka sami 'yar jarka mai tsabta, ka cika ta da man gidan mai, ka cire tiyon da ke zuwa daga tanki a jikin famfo, ka sa wani sabo daga jarkar. A ɗaure ta da kyau nesa da salansa da batir. Ka ɗora buhunan da suka kai nauyin lodinka, ba fasinja ko ɗaya, ka bi hanyar da ta saba mutuwa. In ta wuce wurin tana gurnani, to injin lafiya, famfo lafiya, laifin yana tsakanin tanki da tiyo. Na san direbobin da daga nan suke barin jarkar a cikin mota ko a saman rufi su ci gaba da aiki wata da watanni. Kada ka bi su. Gwaji ne na rabin awa, ba gyara ba ne, kuma jarkar esansi kusa da fasinja ajali ne ake ɗauke da shi.

In kuma ta sake mutuwa a hanya kafin ka yi duk wannan, kada ka yi ta buga makulli. Ka sauka ka buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji ya ja iska, fuuu, tankin ne ba ya numfashi: mai na fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. Wani lokaci duk wahalar wata uku a kan 'yar kafar numfashi ce da laka ta toshe.

Akwai abin da ba na mantawa tun ina yaron garaji. An kawo wa maigidana wata 404 mai bin hanyar Tanut, ciwonta irin na taka sak. Mun canja famfo, mun canja bobin, mun kwance kafireta har na haddace kowane ƙarfe da ke cikinta. Mai motar ya fara cewa aljanu ne a hanyar. Ranar da maigidana ya gaji ya ce a sauke tanki, da muka juye shi sai ga guntun leda, bai kai tafin hannu ba. Murfin tankin ya taɓa ɓata, aka toshe bakin da leda da tsumma, guntu ya faɗa ciki. Yana yawo cikin mai, in zuƙa ta yi ƙarfi ya manne a bakin bututu, in mota ta mutu ya saki. Tun daga ranar, motar da ta mutu ta tashi da kanta, tanki nake fara tambaya.

In gwaji ya nuna can ne, gyaran daga baya ake faro shi a yo gaba. A sauke tanki a wanke shi sosai, a bar shi ya bushe, a duba 'yar ragar da ke bakin bututun in tana nan. A hura bututun ƙarfen da iskar kwamfiresa tun tankin yana ƙasa. Duk tiyon roba da ya bushe ya tsattsage a canja shi. Irin wannan tiyo yakan sha iska ba tare da ya ɗigar da mai ba, ido ba ya kama shi. A sa sabuwar filtar mai, irin fara mai nuna cikinta, kafin famfo. Sai a ƙarshe a wanke kafireta, wanki na uku kuma na ƙarshe in Allah Ya so. Ka tsaya a kai ka ga an hura 'yan ƙananan kafofin tagullar nan da iska. Kada a zura musu waya ko allura, don an auna faɗinsu ne tun daga masana'anta, in suka buɗe motar za ta koma shan mai kamar raƙumi. In an ga tankin ya huje, kada ka yarda a kai masa wutar walda don an ce ba mai a ciki. Tankin da ba mai ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke fashewa.

Bayan haka ka riƙa shan mai a gidan mai gwargwadon iko. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu a hanyar Tanut tun 2011, ba mu da uzurin da iyayenmu suke da shi. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ka tace da kyalle mai tsabta, kuma kada ka ƙara bari tanki ya ƙafe.

Ba ka faɗa mini ko ciwon ya fi tashi da rana tsaka ba. Ina tambaya ne saboda a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, esansi yakan tafasa cikin bututun da ya bi kusa da jikin injin, ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. Alamarsa: ka jiƙa tsumma da ruwa ka ɗora a kan famfo, in ta tashi nan da nan, shi ne. Maganinsa a janye tiyon daga wurin zafi.

To, in jarka ba ta canja komai ba, kuma tsartuwar tana nan da ƙarfinta, na yi kuskure, sai mu juya wajen wuta. Wanda ya canja maka buji da bobin ba shirme ya yi ba. Bobin ne ke ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai, kuma in an taka totur matsin cikin silinda yakan ƙaru, wuta mai rauni ta kasa tsallaka bakin buji. Sai dai ya tsaya a rabin hanya. A cikin delko, wato mai raba wuta, akwai kwantak da ke buɗewa yana rufewa. Tazararsa a 504 milimita 0.40 ce, ta bakin buji kuma 0.6. Akwai kwandansa, ɗan ƙaramin abu mai arha da yakan yi lafiya da sanyi ya rikice in ya ɗau zafi. Akwai murfin delkon da kan tsage, da wayoyin buji da suka tsufa. Ka tada motar cikin duhun dare ka buɗe murfin injin, in suna yoyon wuta za ka ga shuɗin tartsatsi yana rawa a jikinsu. A can ƙasan delkon kuma akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu nauyi da ke buɗewa in injin ya ɗau gudu, su sa wuta ta riƙa zuwa da wuri. Ƙura da tsatsa kan daskarar da su. Ka kama abin da ke juyawa a tsakiya ka ɗan murɗa, ya kamata ya motsa kaɗan ya dawo da kansa. Ciwon wuta dai yawanci da fizga da harbi a salansa yake zuwa, naka kuwa shaƙewa ka ce da ja da baya, shi ya sa na sa shi a baya. Tsohon bobin ɗin, in an ba ka shi, ka ajiye a mota, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau.

Iskar sata ta gindin kafireta ko ta tiyon birki ma tana kawo shaƙewa, amma da ita ce da ralantinka ya lalace, kai kuwa ka ce lafiya. Filtar iska dai ka duba ta, kuma kada wani ya ce ka cire ta don mota ta sha iska. A rairayin ƙasar nan injin da ba filta ba ya daɗewa.

Maganar zuwa Kano. Kafin kowa ya yanke wa injin hukunci, akwai ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin buji, aikin minti ashirin. In silinda huɗun sun ba da awo kusa da juna, zancen gajiya ya mutu. Ko da ma ya gaji, 504 ba a yi ta don a jefar ba. Tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, kuma rigunan silindarta zarewa ake yi a sa sababbi da fistin da ringi. Injin da za ka sayo a Ƙofar Ruwa ba ka san wanda ya wahalar da shi ba, naka kuwa ka san tarihinsa tun daga hannun mahaifinka. Kuma in tankin ne, sabon injin ma a kwana na huɗu zai fara tari.

Kada ka je wa makanikan nan da faɗa. Ka zaɓi ɗaya, wanda ya fi sauraro, ka ce za ka biya shi kuɗin dubawa dabam da na gyara. Yawancinmu ba a biyanmu ladan bincike, sai na canja kaya, shi ya sa hannu ke saurin zuwa ga kaya. Ka ɗauke shi a motar ya ji mutuwarta da kunnensa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba ka ma ambace shi ba. Birkin 504 da zuƙar injin yake samun taimako. In injin ya mutu kana cikin gudu, taka ɗaya ko biyu ne suka rage maka, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse. Ka tuna kanka kana wuce babbar mota a hanyar Gure, wata na tahowa, ka taka totur ta shaƙe. Rayukan mutane ne a bayanka, amana ce. Ka ajiye lodi kwana biyu har a gama wannan bincike. Na san kwana biyu ba ciniki yana da ciwo a gida mai mutum tara, amma ina roƙonka ka yi.

Su yayyenka suna da haƙƙi, motar gado ce, ba taka kai kaɗai ba. Mutumin da ya ga jika 60 sun tafi ba sakamako dole ya yi maganar sayarwa. Kada ka ɓoye musu lissafi. Ka zauna da babban yayanku ka ce a ba ka mako ɗaya da ɗan abin da ba zai wuce kuɗin filta, tiyo da ladan wanke tanki ba. Ka nuna masa cewa ko sayarwar za a yi, motar da ke mutuwa a hannun mai gwadawa kuɗin ƙarfe za a taya ta, mai lafiya kuwa kuɗin mota. In ka samu hali ka tafi da shi garaji ranar da za a sauke tankin.

Inna kuma kada ka yi mata gardama. Tsoro ne irin na uwa, ta ga ɗanta ba ya barci. Ka ce ta ci gaba da yi maka addu'a, kana buƙatarta a kowace tafiya. Amma kada a kai kuɗin gida wurin mai duba a kan wannan. In kwalbar nan ta natsa ka ga abin da ya kwanta a ƙasanta, ka kai mata ta gani da idonta, hankalinta zai kwanta.

Ka sake rubuto mini bayan mako, ka faɗa mini abu uku: ko ka ga tsartuwar, me ya kwanta a kwalba, da kuma inda motar ta kai da jarka. In duka ukun sun fito lafiya, ka haɗo mini da launin bakin bujin guda huɗu, kowanne da silindar da aka ciro shi, daga nan za mu ɗora. Ka gaishe mini da Inna.